Hular Mazan Gangaren Marke

Dalilin da ya sa mazan Gangaren Marke suke kifa hula a baibai, zare yana reto a waje kamar gemun masara, shi zan faɗa muku yau, tunda ɗazu a kasuwa na ga kun bi wani dattijonsu da kallo har ɗayanku ya kusa faɗawa cikin kwandon tumatirin mutane. Ku matso. Amma hannu kada ya tsaya da ɓarar gyaɗar nan, ai ba da yatsu ake jin labari ba.

Su in ka tambaye su, sai su gyara murya su ce maka gado ne. To, gado ne, ban musa ba. Ku dai ji irin gadon.

A da can, mazan garin suna sa hularsu yadda kowane mai hankali yake sawa, ado a waje, ƙulle-ƙullen zare a ciki. A lokacin suna da maigari ana ce masa Tunau. Mutumin kirki ne, bai iya cin zali ba, bai kuma iya duban idon mutum ya ce masa a'a ba. Hannunsa a sake yake ƙwarai. Kun san al'ada: babba ba ya jin an yaba abin hannunsa ya ƙi bayarwa, ƙarami kuma ba ya karɓar kyautar babba ya cusa a ƙarƙashin gado. In riga ce ka sa, in hula ce ka kifa, a gan ka da ita. To, shi Maigari Tunau ya riƙe wannan al'ada fiye da kowa. Ko butarsa ka yaba, da ita za ka tafi gida.

Wata damina ya tafi duba gonarsa, jakinsa ya zame a taɓo ya kayar da shi, ƙafa ta karye. Maɗori ya zo ya ɗaure, ya ce kada ya kuskura ya taka ta sai an fara girbi. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar tsakar gida, ya kwanta.

Zama ya ishe shi. Ya yi barci har barci ya gudu, ya yi faɗa da kaji, ya yi faɗa da ƙudaje. A gidan akwai yayarsa, wata tsohuwa mai suna Tabawa, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta. Ita tana da abin da take ɗebe kewa da shi bayan la'asar, wato ɗinkin giciye. Farin ƙyalle take samu, ta bi shi da zare mai launi, wannan ya kwanta haka, wancan ya hau shi a gicciye, ɗaya na bin ɗaya, har ka ga fure ya fito ko reshen dabino. Ba sayarwa take yi ba, ba kuma wanda ya sa ta. In ta gama ta duba, ta yi murmushi, ta ninke ta jefa cikin adakarta, ta ɗauko wani ƙyallen.

Ran nan Maigari ya gaji da kallonta, ya ce, "Yaya, wai me kike samu a wannan soke-soken?"

Ta ce, "Abin da ba ka samu a faɗa da kaji."

Ya ce, "Ba ni in gani."

Ta yanko masa ƙyalle, ta zura masa zare a allura. Sukar farko a yatsansa ta ƙare. Ta biyu ma haka. Amma kafin a kira magariba ya manta da yatsa, ya manta da ƙafa. Tun ranar da aka naɗa masa rawani bai taɓa riƙe abin da ya yi masa shiru ba sai wannan ƙyallen. Bai kawo masa ƙarar kowa ba, bai roƙe shi komai ba. Maigari ya ji daɗi irin wanda ya daɗe bai ji ba, kuma ni ban ga laifinsa ba.

Sai dai fa, Allah bai ba shi hannun ba. Da ya ɗan saba da allura, ya ce hula zai ɗinka, kuma a gabanta zai fitar da bishiyar marken da ke dandalin garin. Ya zuba ja, ya zuba kore, ya zuba ruwan ɗorawa, inda zare ya ƙare ya ƙulla wani launin ya ci gaba. Da ya gama, abin da ya fito bai yi kama da marke ba, bai yi kama da kowace bishiya ba. In ka matsa kusa ka karkata kai, sai ka ga kwaɗo ne da jaki ya taka.

Yana cikin juya ta a hannu sai ga Jatau ya yi sallama ya zo duba shi. Shi wannan Jatau ɗan goro ne, kullum yana zauren Maigari, bakinsa kuwa ya fi goronsa daɗi, in ji shi da kansa. In ka yi atishawa a gabansa sai ya ce bai taɓa jin mai fita tsaf irin taka ba. Ba mugu ba ne. Tsoron ɓacin ran mutane ne ya yi masa yawa, musamman mutanen da suka fi shi.

Ya durƙusa ya yi gaisuwa, idonsa ya faɗa kan hular. Dariya ta taso masa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wane ne ya…" Sai ya hangi allura a hannun Maigari. Ya haɗiye sauran maganar da ƙyar, ya ce, "…ya koya maka aikin manyan birni haka?"

Maigari ya dube shi, ya dubi hular, ya sake dubansa. Ya ce, "Jatau, wai ta yi maka kyau?"

"Kyau? Ranka ya daɗe, na rantse da rawaninka, na yi yawon kasuwanni gabas da yamma, idona bai taɓa sauka kan irinta ba."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Maigari ya buɗe baki kamar zai ce wani abu, sai ya yi ajiyar zuciya ya miƙa masa. Ya ce, "To, ɗauka. Taka ce."

Haka Jatau ya fito daga gidan da kwaɗo a goshi. Mutanen da ke zaune a dandali suka fashe da dariya, har maƙerin garin ya riƙe ciki. Jatau ya bari sai da suka yi mai isarsu, sannan ya ce, "Ku yi ta yi. Maigari ne ya ɗinka da hannunsa." Nan take dariya ta ɗauke. Maƙeri ya share hawaye ya ce shi daman murna ce ta sa shi dariya.

Washegari kuwa gidan Maigari ya cika da masu duba ƙafa, amma ba wanda ya dubi ƙafar. Mai rigimar iyakar gona ya zo ya yaba ɗinki. Abokin rigimar tasa ya ji labari, ya zo ya ninka yabon. Mahauci ya ce tun da ya ga hular Jatau bai iya barci ba don sha'awa. Kowa ya yaba, Maigari ya dube shi ya yi ajiyar zuciya, ya ce ya dawo nan da kwanaki. Wanda ya samu ya kifa, wanda bai samu ba ya shiga damuwa, yana tambayar matarsa ko wani laifi ya yi wa Maigari. Da hulunan suka yawaita, yabo ya tashi daga kyau ya koma magani. Wani ya ce tun da ya sa tasa ciwon kai ya bar shi. Wani ya ce akuyarsa da ta ƙi haihuwa ta haifi biyu. Mahauci, don kada a bar shi a baya, ya ce shi da tasa yake wanka.

Ƙafar Maigari ta warke, ko da yake ta bar shi da ɗingishi, amma bai koma gona ba, ina ya ga lokaci? Daga hantsi har rana ta faɗi yana duƙe kan ƙyalle. Zaren Tabawa ya ƙare, aka aika birni aka sayo wani. Ita dai tsohuwar tana gefe tana kallo, in an tambaye ta sai ta ce, "Ni ban ce komai ba."

Yanzu sai ku ji inda abin ya taɓa Jatau a ƙashi.

Matarsa ta daɗe da rasuwa, kuma akwai wata bazawara a nan garinmu, Dutsen Kanya, mai suna Ladidi, tana sayar da fura ranar kasuwa. Doguwa ce, mai yawan dariya, kuma abin da idonta ya gani shi bakinta yake faɗa, ko a gaban wa. Jatau yana son ta, so na gaskiya. Duk daɗin bakin da yake rabawa a zauren Maigari, in ya zo gabanta sai ya ɓace, ya tsaya yana murza goro a hannu. Ita ma tana son sa, don ta ce a cikin duk maneman nata shi kaɗai ne yake tambayar ko ta gaji. Akwai kuma wani mai nemanta, Mantau wanzami, mutum mai ƙarancin magana, mai tsohuwar farar hula da ba ado ko ɗaya. Amma kowa ya san Jatau ne a gaba.

Ranar da ya fara zuwa kasuwarmu da hular, Ladidi tana cikin dama fura ta ɗago kai. Ludayi ya tsaya a hannunta.

Ta ce, "Malam Jatau, sannu da zuwa. Me ya mutu a kanka?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya ya ce, "Ki yi a hankali, kyautar Maigari ce."

Ta ce, "To shi Maigarin, me ka yi masa?"

Masu shan fura suka ƙware. Jatau ya yi ta bayani, ita kuwa ta bar shi har ya gama, sannan ta ce, "Ka ji, ni ban iya ɓoye-ɓoye ba. Ina son ka, kuma na gaya wa kawuna. Amma ranar da za ku zo neman aurena, in da wannan abin za ka zo, ka juya tun daga rafi. Ka san mutanen garin nan. In suka laƙa maka suna, har jikokinka da shi za a kira su. Ni ba zan zama matar Mai Kwaɗo ba."

Jatau ya koma gida yana cewa a ransa abin mai sauƙi ne. Ranar zai bar hular a ɗaki, in an tambaya ya ce ya wanke ta ba ta bushe ba. Ashe labarin neman auren ya kai kunnen Maigari. Ya aika aka kira shi, ya ce, "Jatau, ba ka da uba a raye, ba ka da wa. Ni zan shige maka gaba wurin kawun matar nan. Kuma tunda kai ne ka fara son ɗinkina, ba zan bari ka je da tsohuwa ba." Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya zaro sabuwa fil. Wannan kwaɗon ya fi na farko girma, har da wani abu a gefe mai kama da ɗansa.

Jatau ya karɓa da hannu biyu, hawaye ya zubo masa. Maigari ya ce, "Haba, har da kuka?" Ya ce, "Farin ciki ne, ranka ya daɗe."

Ranar tafiya suka fito da hantsi, dattawan garin gaba ɗaya, kowa da hularsa. Maigari yana baya a kan jaki saboda ƙafa. Jatau ya yi sauri ya riga su isa rafin da ya raba garinsu da namu, ya tsaya a bakin ruwa. In ya tsallaka da kwaɗo, ya rasa Ladidi. In ya cire, ya tozarta mutumin da ya hau jaki da gurguwar ƙafa don ya nema masa aure. Ya cire hular yana juya ta a hannu, sai ya ga cikinta. Ba kyau, gaskiya, zare ne kawai ya harɗe da ƙulli a ko'ina. Amma dai ba kwaɗo. Ya juya ta ya kifa.

Bai gama daidaita ta ba ya ji kofaton jaki a bayansa.

Maigari ya ce, "Jatau, hularka a baibai take."

Da wani ne da ya ce kuskure ne, ya juya. Amma bakin Jatau ya riga hankalinsa tashi. Ya durƙusa ya ce, "Da gangan ne, ranka ya daɗe. Na duba ranar nan, na duba adon nan, na ce wallahi ba zan bari ta koɗar da aikin hannunka ba. Ga kuma bakin mutane. Abu mai kyau irin wannan in aka yi ta kallonsa, kambun baka yake ja. Gara adon ya zauna a ciki, kusa da kaina, ni kaɗai in san abin da nake ɗauke da shi."

 Dattawan nan, waɗanda kowannensu ya sha dariyar matarsa a ɗaki, suka dubi juna. Maƙeri ne ya fara cewa, "Kai, Jatau, Allah ya yi maka albarka! Mu duk ba mu yi wannan tunanin ba." Kafin jaki ya gama shan ruwa, ba hular da ba a juya ba.

Maigari ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Haka kuka gani?"

Suka ce, "Haka muka gani, ranka ya daɗe."

Haka suka shigo mana gari a jere, zare ja da kore yana lilo a kunnuwansu. Kakata ta ce an faɗa mata ranar har masu jego sai da suka leƙo. Kawun Ladidi ya karɓe su a zaure, ya yi ta cizon leɓe yana kallon ƙasa, da ƙyar ya iya cewa a ba su lokaci su yi shawara. Ladidi kuwa tana bayan zana, ta ga komai, kuma ita ba ta yi dariya ba.

Bayan kwana kaɗan ta dama fura mai kyau, ta ɗauki ƙwarya ta tsallaka rafi, ta ce ta zo gai da tsohuwa Tabawa. Ta tarar da Maigari a tsakar gida a duƙe, yatsunsa a naɗe da tsumma, ga ƙyallaye a tare a gabansa suna jiran layi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta zauna gefen tsohuwa tana kallon yadda yake kai allura yana runtse ido. Can dai ta kasa haƙuri.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in na faɗi magana za a yi mini afuwa?"

Ya ce, "Faɗi, 'yata."

Ta ce, "Hulunan nan ba su da kyau. Munana ne. Ban taɓa ganin munana irinsu ba."

Tabawa ta sunkuyar da kai. Maigari ya ajiye allura a hankali, ya ɗaga hannu sama, ya ce, "Alhamdu lillahi! Ashe akwai sauran mai ido a ƙasar nan!"

Ladidi ta saki baki. Ta ce, "Daman ka sani?"

Ya ce, "'Yata, ƙafata ce ta karye, ba idona ba. Tun ta farko na ga kwaɗo ne. Ina shirin yin dariya in ba Yaya ta jefa a adaka, sai ga Jatau ya rantse da rawanina. Na ce Allah sarki, bawan Allah ido ya fara lalacewa. Kashegari sai ga gari duka. Na ɗauka wani ciwon ido ne ya shigo mana. To mutum ya zo ya durƙusa ya ce yana so, in ce masa me? In ce ba ka da hankali?" Ya nuna mata yatsunsa. "Dubi nan. Da farko in na ɗauki allurar nan sai in ji duniya ta yi shiru. Yanzu in na gan ta gabana faɗuwa yake. Ni ba abin da nake so sai in yi kamar Yaya, in ɗinka abina, in duba, in yi dariya, in ninke."

Ladidi ta juya wurin tsohuwa ta ce, "Iya, ke kuma kina gani kika yi shiru?"

Tabawa ta ce, "Ni na san na ciki, na san na waje. Amma wa ya tambayi tsohuwa?"

Nan suka yanke shawara. Maigari zai tara gari ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya sauke wa kowa nauyi. A hanyar komawa Ladidi ta biya ta rumfar Jatau, ta tsaya daga bakin ƙofa.

Ta ce, "Malam Jatau, na ga dabarar da ka yi a rafi. Ba kwaɗon ne ya dame ni yanzu ba. Ina so in san ko mutumin da zan aura yana iya faɗin abin da idonsa ya gani. Ranar Juma'a Maigari zai buɗe muku ƙofa da kansa. Ka cire ta, ka ce ba ta da kyau. Kana faɗa, ni kuma in ce da kawuna ya sa rana."

Jatau ya ce, "Shi ke nan? Ai wannan ba komai ba ne." Kuma har cikin ransa haka ya ɗauka. Kwanakin nan ya yi ta gwada maganar shi kaɗai a rumfa, tana fita sumul.

Ranar Juma'a gari ya taru a ƙarƙashin marke. Mata suna daga gefe, Ladidi tana cikinsu da ƙwaryarta. Maigari ya miƙe ya dogara sanda.

Ya ce, "Jama'a, ni na ɗinka hulunan nan, kuma ni nake faɗa muku ba su da kyau. Duk wanda ya yaba don kara, ko don kunya, ko don wani abu, na yafe masa duniya da lahira. Ya cire ya huta, ni ma in huta."

Ba wanda ya motsa. Kowa ya saci kallon na kusa da shi. Mahauci ya raɗa wa maƙeri, "Gwada mu yake yi." Maƙeri ya raɗa wa na gaba, kafin ka ce me magana ta zaga taron. Mai rigimar gona ya tuna hukuncin da aka yi masa bayan ya yaba ɗinki, ya dafe hularsa. Wanda akuyarsa ta haifi biyu ya rasa yadda zai yi da akuyar. Duk wanda ya fara cirewa ya ce da bakinsa ke nan shi maƙaryaci ne, a gaban surukansa da 'ya'yansa.

Maigari ya jira, ya jira. Sannan ya juya ya ce, kamar mai roƙo, "Jatau, kai ka fara sawa. Taimake ni ka fara cirewa."

Jatau ya miƙe. Ya dubi gefen mata, ya ga Ladidi ta kafe shi da ido, ta ɗan gyaɗa masa kai. Ya ɗaga hannu ya kama hular. Ya ɗaga ta har iska ta taɓa masa tsakar kai, kuma ya ji daɗin iskar nan. Sai ya dubi maza. Ido ne ko'ina, duk a kansa, na maƙeri, na mahauci, na mutanen da zai zauna da su a zaure gobe da jibi. Ya tuna rantsuwar da ya yi da rawani, ya tuna jawabinsa na bakin rafi da kowa ya sa masa albarka a kai.

Ya mayar da hular, ya danna ta da tafin hannu.

Ya ce, "Gyara mata zama nake yi, ranka ya daɗe. Tawali'u ne ya sa kake faɗin haka, mun sani. Ni dai da ita zan mutu."

Taro ya ɗauka gaba ɗaya, "Mu ma haka! Mu ma haka!" Har da masu tafi.

Maigari ya tsaya yana kallonsu, kafaɗunsa suka sauka. Ya koma ya zauna a kan buzunsa, ya waiga gefen mata ya ce, "Yaya, in mun shiga gida ki nemo mini zare."

Ladidi ta miƙe. Ta naɗa gammo, ta ɗora ƙwaryarta, ta bi hanyar rafi ba ta waiwaya ba. Kafin damina ta zagayo ta auri Mantau wanzami, mai farar hular nan. Ita ce kakar kakata, don haka in kun ji bakina ba ya ɓoye magana kun san inda na gado.

Maigari Tunau ya yi ta ɗinka huluna har idonsa ya daina ganin kafar allura, bai sake ɗinka ko ƙyalle ɗaya don kansa ba. Jatau kuwa bai ƙara aure ba. Ranar kasuwa yakan shimfiɗa goronsa a bakin hanya, inda Ladidi take wucewa. In ta zo sai ta tsaya ta ce, "Malam Jatau, ina gajiya? Rana dai ba ta taɓa adon ba ko?" Shi kuma ya ce, "Ba ta taɓa ba." Sai ta wuce, ya bi ta da kallo har ta sha kwana. Ni ina jin tausayinsa, ko da yake haushinsa ya fi yawa.

Ranar da Jatau ya rasu, masu yi masa wanka suka cire hular, ɗayansu ya juya ta don ya ga abin da aka yi shekaru ana ɓoyewa. Ga kwaɗo nan da ɗansa, ja da kore, sabo fil kamar ranar da aka ɗinka shi. A nan kam Jatau bai yi ƙarya ba, rana ba ta koɗar da shi ba. Abin da ya tsira da shi ke nan a duniya.

Shi ya sa har yau mazan Gangaren Marke suke kifa hula a baibai, don har yau ba a samu wanda zai fara cirewa ba. In ka tambaye su sai su ce ado ne a ciki, irin wanda ba a bari rana ta gani. Bara wani ɗansu ya manta tasa a rumfar mijina, na ɗauka na juya in ga adon nan da idona. Farin ƙyalle ne kawai. Masu ɗinkinsu na yanzu ba sa ma wahalar da kansu, zaren waje kaɗai suke ƙullawa. Da ya dawo ɗauka na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "Inna, ba ki dai bari ta sha rana ba ko?"